Duwatsun Busa Da Wasan Da Ya Makara

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne kusa da Funtua, maƙwabciyar Dandume. Ruwan damina da ya kwanta a gonakin masara na wannan yanki, wani kasonsa kan bi ta Gusau da Argungu ya faɗa Kogin Kwara, ya wuce Yawuri. A da, daga nan sai ya tarar da duwatsun Busa a ƙasar Bargu, inda kogi ke matsewa, yana tafasa yana kumfa.

Gungawa da Sarkawa sun san wurin sarai. Su ba don nishaɗi suke shiga ba. Sana'a ce: a fitar da fatake da kayansu, a kama kifi, a koma gida da rai. Wanda bai san hanya ba kuwa, ya gamu da ajalinsa. Haka ta faru da Mungo Park, Baturen Sikotilan, wanda ya taso daga Sansanding a ƙarshen 1805. Jirginsa ya maƙale a Busa a farkon 1806, mutanen gari suka far masa, ruwa ya ci shi. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin daga wannan yanki har bakin teku.

Mayar da irin wannan haɗari wasa daga Amurka ya fito. A 1869 John Wesley Powell ya ratsa kwazazzabon Grand Canyon ta Kogin Kolorado da jiragen katako, amma bincike ya kai shi, ba wasa ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne jirgin roba da ake hura wa iska. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu soja suka sayar da rarar irinsa da araha. Katako in ya bugi dutse sai ya tsage, roba kuwa sai ta lanƙwashe ta wuce. Nan da nan aka samu masu ɗaukar baƙi su biya kuɗi a jiƙa su sharkaf. Sana'ar ta hau tsaunukan Himalaya, kogunan Nepal irin su Trishuli suka yi suna, ta iso Kogin Zambezi a 1981. Har ma'auni aka yi wa ƙarfin ruwa, daga mataki na 1 zuwa na 6.

A ganina, da duwatsun Busa suna nan, da an sa su a wannan lissafi, kuma jikokin masu fito ne za su riƙe filafili. Amma wasan ya makara. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafki ya haɗiye duwatsun da tsohon garin Busa gaba ɗaya, aka tashi fiye da mutum 40,000, aka gina Sabuwar Busa. Wutar lantarki aka nema, kuma ba ƙaramin abu ba ce. Yawurawa dai sun riƙe tseren kwale-kwalensu na Rigata, sai dai a kan ruwa kwantacce ake yinsa.