Tarihin Auna Hangen Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Wasan Shaɗaranji da Darasinsa ga Nazarin Dara

1.0 Gabatarwa

A birnin Gombe, kamar sauran garuruwan Arewa, 'yan dara sukan bambanta mai iya cin abin da ke gabansa da gwanin da yakan ajiye ɗa a wani gurbi ba tare da ya ci komai ba, sai can gaba a ga amfaninsa. Wannan bambanci shi ne ya daɗe yana ci wa masana na'ura mai ƙwaƙwalwa tuwo a ƙwarya a wasan shaɗaranji, wato darar da Turawa ke kira ces. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin yadda aka auna hangen na'ura a irin wannan motsi, wanda za mu kira motsin shiri, tare da nuna cewa ma'aunin ya dogara ne a kan kalmomin da gwanaye suka raɗa wa iliminsu.

2.0 Daga Lissafi zuwa Jarrabawa

A shekarar 1950 ne Claude Shannon na Amurka ya bayyana hanyar koya wa na'ura wannan wasa. Ya bai wa sarauniya maki 9, hasumiya 5, doki da giwa 3 kowanne, dakare kuma 1. Sannan ya rage rabin maki a kan dakaren da ya tsaya shi kaɗai ko aka bar shi a baya. Ashe ke nan tun farko ƙirga 'ya'ya ya zo da sauƙi, amma kimanta kyawun tsayuwarsu sai da aka aro hukuncin ɗan Adam.

A 1982 Ivan Bratko da Danny Kopec suka fito da jarrabawa mai yanayin wasa 24. Rabi na neman motsin ci ne, wanda lissafi ke iya ganowa, rabi kuwa na neman tura dakare domin sauya fasalin fage, wanda sai da sani. Sai dai jarrabawar ta ɗauka cewa kusan kowace tambaya amsa ɗaya gare ta, alhali motsin shiri yakan zo da hanyoyi biyu ko uku masu kusancin daraja.

A watan Mayu na 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM, mai duba yanayi kimanin miliyan 200 a daƙiƙa, ta doke Garry Kasparov da maki uku da rabi a kan biyu da rabi. A wasa na biyu ta ƙi bin riba ta kusa, ta zaɓi motsin da ya toshe wa abokin karawarta hanya, har Kasparov ya yi zargin da hannun mutum a ciki.

3.0 Lokacin da Ɗalibi ya Wuce Mai Jarrabawa

Daga baya Dann Corbit da Swaminathan Natarajan suka tsara jarrabawar STS mai yanayi 1,500, a ƙarƙashin jigogi 15, kowane da suna irin wanda gwanaye ke amfani da shi, kamar mallakar buɗaɗɗen layi da kafa doki a gurbin da ba a iya korarsa. Amsa mafi kyau tana da maki 10, masu bi mata kuma ƙasa da haka. Amma da yake da na'urori aka tantance amsoshin, dara ta ci gida, domin duk na'urar da ta fi masu tantancewa hange tana iya rasa maki saboda ta fi su gaskiya.

A 2017 AlphaZero, wadda ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta, ta yi wasa 100 da Stockfish, ta ci 28, aka yi kunnen doki a 72. Iliminta yana cikin tarin lambobi marasa suna, don haka sai da gwanaye suka zauna suka fassara salonta da kalmomin mutane kafin a amfana da shi.

4.0 Darasi ga Manazarta Harshe

Shaɗaranji ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin a 1934 C. K. Meek ya rubuta bayanin irin wanda ake yi a Barno. Amma dara ce wasan jama'a, mai gurabe 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare. Tun wajen zubi, kafin a ci ɗa ko ɗaya, gwani ke shirya nasararsa, kuma wannan sani a baki yake, cikin laƙabobi da habaicin 'yan kallo, da Hausa da Fulatanci.

5.0 Kammalawa

Dokokin dara ba su da yawa, saboda haka koya wa na'ura su ba zai yi wuya ba. Abin da ke buƙatar gaggawa shi ne tattara sunayen dabarunta daga bakin dattawa, kowane suna tare da zanen yanayin da yake nufi. Wannan aiki ne da ya dace da Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, domin idan kalmomin suka ɓace, babu ma'aunin da za a gwada hangen na'ura da shi, balle a koyar da na baya.