Daga Saint-Michel Zuwa Cocody: Tarihin Karatun Adabi a Abijan da Rabonmu a Cikinsa

Wata ranar Lahadi ina gabatar da shirin kiran waya, sai ga wani dattijo mai sayar da yadi a Adjamé ya bugo ransa a ɓace. 'Yarsa ta ci jarrabawar bak, an tura ta sashen adabi a jami'ar Cocody. Ya ce da ni, "Ɗana, shekara 13 ina biyan kuɗin lakwal, a ƙarshe a ce yarinya za ta tafi koyon tatsuniya? Ai kakarta ma ta iya, kuma kyauta." Na ce, "Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka." Kafin in ba shi amsa lokacin shiri ya cika. Bashin wannan amsar nake son biya a nan, kuma sai mun ɗan koma baya.

Zuwan Bahaushe wannan ƙasa ya girmi Abijan kanta. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ta hanyar Gwanja har Bonduku da Kong, kuma lokacin da Bafaranshen nan Binger ya shiga Kong a 1888 ya tarar da Hausawa marina suna aikinsu. Abijan kuwa sai a 1934 ta zama babban birni. Da aka buɗe mashigin ruwan Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka samu hanya, 'yan ci-rani daga Nijar da Nijeriya da Haute-Volta suka yi ta kwararowa. Turawa suna zaune a Plateau, baƙar fata kuma aka bar musu Treichville a kudu da Adjamé a arewa.

Cikin waɗannan baƙi akwai wani saurayi ɗan Yamai, Oumarou Ganda, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indochine yana dako a tashar jiragen ruwa. Masanin al'adu Jean Rouch ya ɗauki rayuwarsa da ta abokansa a Treichville, ya yi fim mai suna "Moi, un Noir", wanda ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958. Har gobe ana nazarin fim ɗin a jami'o'in Turai da Amurka. Wato wahalar ɗan dakonmu ta zama darasi a ajin da shi ba shi da kujera. Ganda dai bai tsaya nan ba. Ya koma gida ya riƙe kamara da hannunsa, kuma a 1972 fim ɗinsa "Le Wazzou polygame" ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A daidai wannan zamani ne aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Abijan, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1964, shekara 4 bayan samun 'yancin kai. Da farko manhajar Faransa ake bi sau da ƙafa. Ɗalibi zai san Racine da Molière, amma tatsuniyar garinsu ba ta da gurbi a jarrabawa. 'Yan ƙasa ne suka sauya wannan. Tun a 1955 Bernard Dadié, wanda Turawa suka ɗaure a Grand-Bassam bayan rikicin Treichville na 6 ga Fabrairu 1949, ya fitar da littafin tatsuniyoyi "Le Pagne noir". Sunansa ne yau a kan babban gidan al'adu na Treichville. Ahmadou Kourouma ya rubuta "Les Soleils des indépendances" da Faransanci mai ɗanɗanon Malinke, masu buga littafi a Paris suka ƙi karɓa, sai a Montreal ta Kanada aka buga shi a 1968. Yanzu littafin yana cikin waɗanda ake karantarwa a makarantu.

A cikin jami'ar kuma, Bernard Zadi Zaourou ya mayar da adabin baka fagen bincike, Henriette Diabaté ta rubuta tarihin masarautar Sanwi daga bakin dattawa, Georges Niangoran-Bouah kuma ya kafa ilimin nazarin maganar ganga, yana cewa abin da gangunan Akan ke faɗi tarihi ne da za a iya rubutawa a yi nazarinsa. Ga Bahaushe wannan ba baƙon zance ba ne. Duk wanda ya tashi kusa da fada ya san tambari yana da take, kalangu yana kiran sunan mutum da na ubansa. Amadou Hampâté Bâ, Bafulatanin Bandiagara da ya ƙare rayuwarsa a Marcory ya rasu a 1991, shi ne ya tunatar da taron UNESCO a 1960 cewa mutuwar dattijo a Afirka daidai take da ƙonewar ɗakin littattafai.

To, amma tarihin yana da wani ɓangare mai ɗaci, kuma shi ya fi shafarmu. Bayan rasuwar Houphouët-Boigny a Disambar 1993, kalmar "ivoirité" ta shiga siyasa a zamanin Henri Konan Bédié. Wata ƙungiyar malaman jami'a mai suna CURDIPHE ta fitar da littafi a 1996 tana fayyace wane ne ɗan ƙasa na asali, kuma Niangoran-Bouah na cikin waɗanda suka yi rubutu a ciki. A ƙasar da ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazaunanta baƙi ne, wannan magana ba ta tsaya a kan takarda ba. Ta sauko shingen 'yan sanda, inda sunan mutum da rigarsa suka isa a sauke shi daga gbaka. Yaƙi ya ɓarke a Satumbar 2002, rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka kimanin 3,000, ita kanta jami'ar aka rufe ta, sai a Satumbar 2012 aka buɗe ta da sunan Félix Houphouët-Boigny.

Abin lura a nan shi ne, masana tarihi da al'ada da falsafa ne suka zauna suka tsara ma'anar ɗan gida da baƙo. A irin wannan zama, wanda ba shi da wakili sai dai a yanke masa hukunci yana kasuwa. Kowa a Abijan ya san garba, acheke da soyayyen kifi, abincin da ake danganta sunansa ga 'yan Nijar masu sayar da shi. Ɗaliban Cocody ma da shi suke karya kumallo. Sunanmu ya shiga harabar jami'a ta kwanon abinci, saura ya shiga ta littafi. Su wane ne masu masaukin farko a Treichville? Yaya aka fara naɗa sarkin Hausawa a unguwanni? Wace irin Hausa yaran Saint-Michel ke yi, mai gauraye da Jula da Faransanci da nushi? Masu amsar suna nan zaune a ƙofar masallatai, kuma kullum raguwa suke yi.

Ba zan ɓoye wa Baba Alhaji ba, tsoronsa yana da tushe, domin akwai masu digirin adabi da ke zaman jiran aiki. Amma daga wannan fanni ake samun malaman makaranta da 'yan jarida da masu fassara. Yarinyar da ta taso da Hausa da Jula da Faransanci a baki ɗaya ta riga abokan karatunta nisa, ga shi kuma ana nazarin Hausa a Jami'ar Bayero ta Kano da INALCO ta Paris, idan ta so ƙarin karatu.

Saboda haka, Baba Alhaji, ka sa mata albarka ta tafi. Ke kuma ƙanwata, kafin ki shiga woro-woron Cocody, kunna na'urar naɗar murya ta wayarki ki zauna gaban kakar nan taki da ta iya tatsuniya kyauta. Idan kin gama da ita, ki tambayi Baba shekarar da ya sauka a tashar Adjamé, da motar da ta kawo shi, da sunan wanda ya fara ba shi tabarma.