Tantance karatun zanen gine-gine a jami'o'i: wace takarda ce ke ba da damar aiki?

Tantancewa, abin da ake kira akreditasiyon a faransanci, bincike ne da wata hukuma daga waje take yi wa sashen karatu na jami'a don ta tabbatar cewa ilimin da ake bayarwa ya kai matakin da sana'ar take buƙata. A fannin zanen gine-gine lamarin yana da nauyi, domin a ƙasashe da yawa doka ce ke kare sunan arshitek. Ba duk mai riƙe da diflom ke da ikon sa hannu a kan taswirar gini ba.

Abubuwa ukku ne iyaye suke yawan haɗawa, alhali kowane daban yake. Akwai izinin buɗe makaranta, wanda ma'aikatar ilimi mai zurfi take bayarwa. Akwai tantance shi kansa karatun. Sannan akwai shiga rajistar ƙungiyar masu sana'ar, wato Ordre des Architectes, bayan an gama. Makaranta tana iya samun izinin buɗewa ba tare da an tantance sashenta na zanen gine-gine ba. Kuma tantancewar kan diflom ɗaya take hawa, ba kan jami'a dukanta ba: ana iya amincewa da lisansin wani fanni, ba a amince da mastan wani ba, a cikin gida guda.

A ƙasashen Afirka masu amfani da faransanci, babbar hukumar da ke wannan aiki ita ce CAMES. A Yamai aka kafa ta a 1968, cibiyarta kuma tana Wagadugu. Tun 1972, bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Lome, take da shirin amincewa da diflomomi da daidaita su tsakanin ƙasashe. Makaranta ce ke kai takardunta, masana su duba manhaja, da matakin malamai, da kayan aiki. Amincewar tana da wa'adi, in ya cika sai an sabunta. Saboda haka allon da aka rubuta sunan CAMES a ƙofar makaranta bai isa hujja ba. Sai a tambayi wane diflom, kuma wace shekara.

Ma'aunin da duniya take bi ya fito ne daga yarjejeniyar UNESCO da ƙungiyar arshitek ta duniya, UIA, ta 1996. Ta ce karatun kada ya gaza shekara 5 cikakku, sannan a bi shi da horo a wurin aiki. A tsarin LMD wannan yana nufin lisansi na shekara 3 da masta na shekara 2. Nan ne da yawa suke tuntuɓe: mai lisansi kaɗai yana iya zane a ofishin wani, amma bai zama arshitek ba tukuna. Masu tantancewa kuma sun fi zuba ido a kan ɗakin zane, inda ɗalibi yake tsara gini tun daga fili har rufi, malami na gyara masa. Aji mai ɗalibai rututu da malami ɗaya ba ya iya wannan.

Ƴan Nijar da yawa a EAMAU ta Lome suka yi karatu. Makaranta ce ta haɗin gwiwar ƙasashe 14, har da Nijar, an buɗe ta a tsakiyar shekarun 1970, kuma da gasa ake shigarta bayan bak. Tana koyar da zanen gine-gine, da tsara birane, da gudanar da su.

Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke tunanin ƙetarawa Najeriya, tsarin can hannu biyu ne. Hukumar jami'o'i, NUC, tana tantance ɓangaren ilimi, tana ba da cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke kula da ɓangaren sana'a da rajista. Amincewarsu ba ta ƙetaro iyaka da kanta: wanda ya dawo gida da diflom ɗin Zariya ko Kano sai ya nemi a daidaita masa shi, kafin maganar rajista ta taso. A Faransa ma, bayan diflom na shekara 5, akwai ƙarin horo da ake kira HMONP kafin mutum ya jagoranci aikin gini da sunansa. A Amurka hukumar NAAB ke tantancewa tun 1940.

Cikin UEMOA akwai ƙa'idar 2005 da ta ba arshitek na ƙasashen ƙungiyar damar zirga-zirga da kafa ofis a ƙasashen juna, amma ga wanda ya riga ya yi rajista a ƙasarsa ne. Kafin a biya kuɗin shekarar farko, ya kamata a nemi ganin takardar amincewar da idanu, a kuma je ofishin Ordre a Yamai a tambaya ko suna karɓar wannan diflom.