Garki da Hisabin Zazzaɓin Cizon Sauro

Tun daga 1897, lokacin da Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro a ƙasar Indiya, masana suka ƙudurta cewa cutar da ake iya bin sawunta daga jini zuwa sauro, daga sauro kuma zuwa wani jinin, lalle za a iya yi mata hisabi. Ross ya kafa hujja cewa ba sai an ƙarar da sauro ƙaf ba. Muddin yawansa ya gaza wani haddi, cutar za ta mutu da kanta. George Macdonald ya faɗaɗa wannan ƙa'ida a littafinsa na 1957, amma ƙa'idar tana bukatar gwaji a inda zazzaɓi ya fi tsanani.

A ƙasar Garki aka yi babban gwajin, a tsohuwar Jihar Kano, yau kuwa Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk mako goma ma'aikata kan zaga ƙauyuka, su tsaga ɗan yatsan yaro da babba, su shafa ɗigon jinin a kan gilashi don a duba. Da dare kuma wasu su zauna da ƙafafu a buɗe suna kama sauron da ya sauka a kansu, domin a san cizo nawa mutum ke sha da damina, nawa kuma da rani. Aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna, aka raba ƙwayoyin magani a wasu ƙauyukan.

Natijar ta girgiza masana, domin feshin ya karya ƙarfin sauro ƙwarai, alhali kuwa masu ɗauke da ƙwayar a jininsu kaɗan suka ragu, saboda wani sashe na sauron a waje yake hutawa bayan ya sha jini, ba ya taɓa bangon. Daga alƙaluman Garki ne masana Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar da lissafinsu a 1974, wanda ya shigar da garkuwar da jiki ke samu sannu a hankali bayan maimaita kamuwa, ya haɗa halin jini da ɗabi'ar sauro da sauyin yanayi wuri guda.

A ganina, haƙƙi ne a riƙa ambaton talakawan Garki tare da waɗannan malamai, domin har yanzu masu lissafin zazzaɓi a duniya suna komawa ga bayanan da aka ɗiba daga jininsu.