Kunne ko Alƙalami: Kalmomin Turanci Masu Kama da Juna a Azuzuwan Samaru da Sabon Gari

A darasin shifta malami zai ce "week", yaro ya rubuta "weak". Ya ce "pull", yaro ya rubuta "full". Jan biro ɗaya ke soke su duka, alhali cuta biyu ce daban aka haɗa wa magani ɗaya.

"Week" da "weak" furucinsu ɗaya ne ko a bakin Baturen Ingila. Babu kunnen da zai raba su, jimla ce ke rabawa. Malamin da ya jefo irin wannan kalma ita kaɗai a shifta, canki-canka ya sa yara, ba jarrabawa ba.

"Pull" da "full" kuwa Turanci ya bambanta su, Hausa ce ta haɗe su, domin f ɗinmu da leɓɓa biyu ake furta shi, yana kai-komo tsakanin p da f, wani lokaci har h. Wasulanmu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, Turancin Ingila kuwa yana da goma sha biyu ban da tagwaye. Shi ya sa "cot" da "court" ke narkewa su zama ɗaya.

Munzali Jibril, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nuna furucin Turancin Bahaushe ya sha bamban da na mutanen Kudu. Duk wanda ya koyar a Sabon Garin Zariya, unguwar da ta girma da zuwan jirgin ƙasa a 1911, ya ga haka da idonsa: a benci ɗaya ɗan Bahaushe zai mai da "thank" ta koma "sank", ɗan Bayarabe ko na Ibo ya ce "tank". Jerin kalmomi ɗaya ba zai gyara su biyun ba. Abin da ya fi damuna shi ne malamin da kansa yakan furta "sink" yana nufin "think", sannan ya rage wa yaron da ya rubuta abin da ya ji maki.

Muna da makami a gida. Yaron da ke raba garin Zariya da garin tuwo yana jin tsayin wasali, to daga nan za a fara masa "ship" da "sheep".

Ina kira ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta horar da malaman firamare su riƙa raba kuskuren rubutu da kuskuren kunne kafin su ɗauki jan biro.