Kan bidiyon Abba: tarihin na'urar da ta shigo da fim cikin ɗakunanmu 🧵

1/ Hutun da ya wuce Umma ta sa ni kwashe shirgin sito, sai na ci karo da tsohon kan bidiyon Abba cikin buhu, da kaset goma sha ɗaya. A jikin ɗaya an rubuta da biro: "Biki 1998". Kakata tana ciki, Allah Ya jiƙanta. Ta rasu kafin a haife ni, ban taɓa jin muryarta ba.

2/ Na jona shi da talabijin, na tura kaset. Sai ƙurrr, ya tofo shi, zaren a waje duk ya cukuikuye. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Kwana huɗu na yi ina neman mai gyara. A wannan yawon na tono tarihin abin. Ku biyo ni.

3/ A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar ɗaukar hoto mai motsi a zaren kaset wadda gidajen talabijin suka karɓa. Girmanta kamar durowar kaya, faɗin zarenta inci 2, kuɗinta wajen dala 50,000. Ba abin ajiyewa a falo ba ne.

4/ Japanawa ne suka mayar da ita kayan gida. Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. Zaren duka biyun rabin inci ne, amma kaset ɗin wannan ba ya shiga wancan. Nan aka ja daga.

5/ Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka, VHS awa biyu, wato fim guda cif. Sannan JVC ya bar wasu kamfanoni irin su Hitachi da Sharp da masu Panasonic suna ƙera nasu. Kasuwa ta cika da VHS. A 1988 shi kansa Sony ya haƙura ya fara ƙera VHS.

6/ Har kotu aka je. Universal da Disney sun maka Sony ƙara, wai na'urar satar fasaha ce. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 kan 4, ta ce ba laifi ba ne mutum ya naɗi shirin talabijin a gida don ya kalla daga baya. Jan madannin nan na naɗa ya tsira da ƙuri'a ɗaya.

7/ To a nan gida fa? A Kano a wancan lokacin ba a saba ganin matan aure a sinima ba. Da bidiyo ya shigo, fim ya bi su har ɗaki: Indiya, Cainis, wa'azi, biki. Gida ɗaya mai bidiyo ya ishi layi guda, yara cike da tabarma har bakin ƙofa.

8/ Masu wasan kwaikwayo suka ga hanya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, wanda ake lissafawa fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Living in Bondage na Inyamurai sai a 1992 ya fito.

9/ A zamanin kaset, a kasuwar Ƙofar Wambai, furodusa kan buga kwalin fim ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su jera kawunan bidiyo suna kwafa daga uwar kaset. Kowane kwafi hoto na raguwa. Shi ya sa fim yakan iso ƙauye launinsa ya koɗe, sauti na rawa.

10/ Kun ga duk masana'antar nan a kan na'ura mai yawan laulayi aka gina ta. Don haka mai gyara ya zama babban mutum a unguwa. Wanda na samu dattijo ne, yanzu fanka da sitabilaiza yake gyarawa. Ya ce rabonsa da taɓa bidiyo ya fi shekara goma.

11/ Na ce, "Baba, zai tashi kuwa?" Ya ce, "Yaro, ba ka dai ja zaren da ƙarfi ba ko?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka taimaki kanka." Ya cire filogi, ya kwance murfi, ya zaunar da ni yana nuna min.

12/ A ciki akwai wata ganga mai ƙyalli da aka ɗora a karkace. Na'urar na janyo zaren daga kaset ta naɗe shi a rabin jikinta. A tsarin PAL da muke amfani da shi, gangar tana juyawa sau 1,500 a minti. 'Yan ƙananan hed da ke jikinta su ke karanta hoton a layuka masu karkata.

13/ Ciwo na ɗaya: cin kaset, irin nawa. Yawanci bel ne ya saki, ko robar da ke juya ƙafar kaset ta bushe ta yi santsi, sai zaren ya fito babu mai naɗe shi. Magani a canza su. Baba ya ce da in babu sabo, sukan tsoma bel a tafasasshen ruwa ya ɗan tsuke, na ɗan lokaci ne dai.

14/ Na biyu: sauti na fita, hoto kuma sai yayyafi kamar an watsa gero. Hed ya yi datti, musamman da ƙurar hunturu. Ana jiƙa farar takarda da sifirit, a dafa ta a jikin gangar a hankali, a juya gangar da yatsa. Kada a goga sama da ƙasa, kada a sa auduga. Hed ɗin ya karye, an gama.

15/ Na uku: layuka na tsalle a hoto. Wannan tirakin ne. Kowace na'ura da ɗan bambancin yadda take jera layukanta, sai hed ɗin wata ya riƙa sauka a gefen layi. Ana murɗa madannin tirakin har hoto ya zauna. Yayyenmu duk sun iya wannan kafin su iya karatu 😂

16/ Na huɗu: da damina laima kan kwanta a gangar, zaren ya manne. Wasu na'urorin sai su nuna DEW su ƙi aiki. A bar shi a kunne babu kaset awa ɗaya ko biyu, ya bushe da kansa.

17/ Na biyar: ka tura kaset ya dawo da shi, ko ya mutu da kansa. Akwai wani ɗan makunni a ƙasa da ke gaya wa na'urar matakin da take. In ya yi datti sai ta rikice. Wanki kawai yake so.

18/ Sai wanda ba laifin na'ura ba. Kowane kaset na da ɗan kunne a baya. In ka ɓalle shi ba a iya naɗa a kai. Mutane kuma sai su toshe ramin da salatif su naɗa. A kasetinmu akwai wanda aka rubuta "Suna", na kunna sai ga Najeriya da Ajantina, Atlanta 1996, 3-2. Abba ya ce ba shi ba ne.

19/ Daga nan faifan CD da DVD suka ture kaset, waya ta ture su. A Yulin 2016 Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera kan bidiyon VHS, ya daina. Ɗaya daga dalilansa: kayan haɗawa sun yi wuya. Duk wanda ya mutu yanzu, babu sabo a madadinsa.

20/ Shi ma kaset ba dawwama yake ba. Zafi da laima na cinye shi, yana yin fumfuna. In ka ga fari-fari ta tagar kaset, kada ka tura shi, zai ɓata hed ya shafa wa sauran. Kuma ka fara gwada na'ura da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Ni da na biki na fara, kuskurena kenan.

21/ Baba ya samo bel daga wata matacciyar na'ura, ya yanke ɗan wurin da ya tauna, ya haɗa. Daƙiƙu kaɗan muka rasa. Sai ga kakata a tsakar gida tana yi wa mai kyamara faɗa ya matsa daga kan tukunya. Umma ta tashi ta shige ɗaki.

22/ Na kwafe shi zuwa kwamfuta da wata 'yar na'ura mai igiya ja da fara da rawaya, na tura wa dangi. Ku ma ku leƙa sito. Biki, suna, saukar Alƙur'ani, tsohon fim ɗin Hausa, duk abin da kuka samu. Masu gyaran tsufa suke yi, babu yaran shago a gabansu.

23/ Wanda ya san mai gyaran bidiyo a garinsu ya faɗa a ƙasa, wani zai amfana. Allah Ya jiƙan magabatanmu.