Iyakar Ƙasa a Kan Ruwa: Abin da Doka Ta Ce

In kana zaune a Lamorde, a birnin Yamai, kogin Isa ne ruwan da ka fi sani. Nijar ba ta da gaɓar teku. Duk da haka dokar ruwa ta shafe ka, domin shinkafa da magani da yawancin kayan da kake saye, ta teku suke zuwa.

Yadda ake auna iyakar teku

A shekarar 1982 ƙasashen duniya suka sa hannu a kan yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta fara aiki a 1994. Ana fara awo daga inda ruwa yake tsayawa idan ya janye daga gaɓa.

Mil 12 na farko, wato kimanin kilomita 22, mallakar ƙasar da ke bakin tekun ne. Jiragen ruwa na baƙi suna iya wucewa, muddin ba su zo da cutarwa ba.

Har zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370, ƙasar ce take da iko da kifi da man fetur da sauran arzikin da ke ciki.

Gaba da nan, babban teku ne. Ba na kowa ba ne shi kaɗai.

Haƙƙin ƙasar da ba ta da teku

Yarjejeniyar ta ba ƙasa irin Nijar haƙƙin kaiwa ga teku ta cikin ƙasar maƙwabta. Amma sai ƙasashen sun daidaita a kan hanya da sharuɗɗa. Shekara da shekaru, yawancin kayan Nijar ta tashar Kwatano suke sauka, su haye gadar Gaya. Da aka rufe wannan iyaka a 2023, sai aka karkata zuwa tashar Lome ta Togo. Hanya ta ƙara nisa, kaya suka yi tsada.

Kogi ma yana da iyaka

Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Lete. Maimakon faɗa, suka kai maganar gaban Kotun Duniya a 2002. Ran 12 ga Yuli, 2005, kotu ta ce iyaka tana bin wuri mafi zurfi na babbar hanyar jiragen ruwa a kogin. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, har da Lete. Benin ta sami 9.

Abin lura

In kai masunci ne, ko makiyayi, ko mai tuƙa kwalekwale, ka sani ba a ganin iyakar ruwa da ido. Kafin ka gangara kudu zuwa yankin Gaya, ka riƙe takardunka. Ka tambayi hukuma da sarkin ruwa inda aka yarda ka jefa taru. Tambaya ba ta ɓad da mai ita.